Yadda za ka tsara shekara guda ta kallon zane da hotuna daga Jidda

A nan Saudiyya yanayi ne yake tsara wa gidajen nuni, wato inda ake baje zane da hotuna, shekararsu. Sai zafi ya karye, wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, sannan suke fito da manyan abubuwansu, su yi ta yi har Afrilu ko Mayu. Daga Yuni zuwa Satumba gari yakan yi tsit, masu hali sun yi tafiya, gidajen nuni da yawa sun rage aiki. Wanda bai san da wannan ba sai ya tashi a watan Yuli yana neman abin kallo, ya tarar da ɗaki rabi a rufe, ya koma gida yana cewa babu komai a Jidda.

Sana'ata haɗa firam ce. Ina yanka gilashi, ina ɗaure ƙyallen zane a jikin katako, ina sa wa hotunan aure da takardun shaida kwali. Ta wannan hanya na fara shiga gidajen nuni, ta ƙofar kaya, ɗauke da aikin mutane. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne da wuya in ji ana Hausa a cikin ɗakunan nan, alhali ga mu nan birjik a Karantina da Sabil da Gulail, ga 'yan'uwa a Shari'a Mansur da Misfala a Makka. Mun bar wa wasu wuraren, muna ganin sai mai kuɗi ko mai Turanci. Mafi yawansu kuwa ko riyal ɗaya ba a biya a ƙofa. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda ni nake raba shekarata, ko wani zai ɗauki abin da ya yi masa.

Ka fara da kalanda biyu

Ka samu takarda ka jera watanni goma sha biyu daga Nuwamba zuwa Oktoba. A gefe ka sa inda azumi da aikin Hajji suka faɗo a bana, domin suna ja baya da kamar kwana goma sha ɗaya kowace shekara, kuma su ne suke canza lokutan buɗewa da rufewa. Sai ka duba abu ɗaya: shekarar mara ce ko cika? Akwai manyan nune-nune biyu da ake yi duk bayan shekara biyu, waɗanda a nan muke ce wa binali, kuma karɓa-karɓa suke yi. Na fasahar Musulunci a Jidda ake yin sa, an yi a 2023 da 2025. Na fasahar zamani a unguwar JAX ta Dir'iyya, kusa da Riyad, an buɗe na farko a Disambar 2021, na biyu a 2024. Gidauniya ɗaya ce take shirya su duka, shiga kuma kyauta ne, sai dai ka yanki tikiti ta waya kafin ka je. Idan shekarar Jidda ce, wato mara, ka huta da kuɗin jirgi. Idan ta Dir'iyya ce, ka fara tara na mota tun yanzu.

Lokutan buɗewa kuma, kada ka dogara da abin da wani ya gaya maka bara. Gidajen nunin nan duk a Instagram suke sanarwa. Ka duba ranar da za ka fita, musamman Juma'a, da yawa sai bayan la'asar suke buɗewa.

Nuwamba da Disamba: koyon kallo a gida

Ina ba da shawara a fara da abin da ke waje, inda babu mai gadi balle mutum ya ji nauyin shiga. A bakin teku, wajen Hamra, akwai fili da aka tara sassaƙe-sassaƙe na tagulla da ƙarfe. A cikinsu akwai aikin Henry Moore na Ingila, da Joan Miró na Sifen, da Alexander Calder na Amurka, mutanen da a Turai sai ka yi layi ka biya kafin ka ga aikinsu. Magajin garin Jidda na wancan lokaci, Muhammad Sa'id Farsi, shi ne ya sa aka kawo su a shekarun 1970 da 1980. Ƙaton keken nan na shataletalen titin Sittin, wanda kowa ke kwatance da shi, daga wannan zamani ya fito, aikin Julio Lafuente ne. Gishirin teku ya ci wasu daga cikinsu, daga baya aka gyara su aka tara su wuri ɗaya. Ka je da yamma, ka zagaya kowane ɗaya sau ɗaya a hankali. Sassaƙa ba ta da gaba da baya, kowane taku sabon abu take nuna maka.

Daga nan sai Hayy Jameel a unguwar Muhammadiyya, wanda aka buɗe a Disambar 2021. Nune-nunensa suna canzawa, akwai tsakar gida da yara za su sarara, kuma matasan da ke tsaron ɗakunan suna son a tambaye su. Akwai kuma ƙananan gidajen sayar da zane irin su Athr da Hafez. Sayarwa suke yi, amma kallo kyauta ne, babu wanda zai ce sai ka saya.

Wurin da na fi so a kai sabon shiga shi ne Darat Safiya Binzagr, gidan nunin mai zane Safiya Binzagr. An haifi wannan baiwar Allah a 1940 a cikin tsohon gari, Balad, ta yi karatu a Alƙahira da Landan, ta dawo ta ƙare rayuwarta tana zana al'adun Hijaz kafin su ɓace: suturar mata, kwalliyar amarya, wasannin yara, tagogin katako na tsofaffin gidaje. A 1968 ita da ƙawarta Munira Musalli suka baje zanensu a wata makarantar mata a Jidda, lokacin da babu gidan nuni ko ɗaya a garin. Ta rasu a 2024, Allah ya ji ƙanta. Ka kira kafin ka je don ka tabbatar a buɗe yake. Dalilin da ya sa nake cewa a fara da ita shi ne abin da ta zana ka san shi. Ka ga irin ɗaurin kan nan a gidan biki, ka bi ta lungun nan. Idan ka san abin da aka zana, hankalinka zai samu sarari ya koma kan yadda aka zana shi, kuma nan ne kallo yake farawa.

Ga yadda nake yi a kowane ɗaki. Ina zagayawa sau ɗaya da sauri, ba na karanta komai. Sai in zaɓi guda uku kacal da suka riƙe mini ido, in koma musu. Na farko, in tsaya nesa, kamar taku biyar, in ga ina hasken ya fito, ina ido ya fara sauka, ina ya tafi daga nan. Sai in matso har in ga sawun buroshi, amma hannuwana a baya. Sai in koma gefe in kalli fuskar zanen a karkace, kamar yadda mai sayen shadda yake karkata ta ga haske don ya ga saƙarta. A nan za ka ga inda fenti ya yi tudu, inda aka kankare, inda mai zane ya canza shawara ya shafe wani abu da wani. Fentin mai yana da kauri da sheƙi, yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, shi ya sa launuka suke narkewa cikin juna. Fentin roba na zamani yana bushewa nan da nan, gefunansa kaifi ne. Fentin ruwa kuwa farinsa farin takardar ne da aka bari, ba a shafa komai ba.

Sai a ƙarshe nake karanta ɗan allon da ke gefe. Abu huɗu yake faɗa da Larabci da Turanci: sunan mai aikin, shekara, kayan da aka yi da shi, da mai shi. Idan ka fara da karatu, abin da aka rubuta za ka gani. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, ka bar shi ya yi nasa aikin tukuna. Awa ɗaya da rabi ta isa. Bayan haka ƙafa ta gaji, ido ya ƙoshi, duk abin da ka ƙara asara ne.

Janairu zuwa Mayu: babban lokaci

Idan shekarar Jidda ce, to wannan shi ne tsakiyar shekararka. Ana yin binalin a ɓangaren yamma na tashar alhazai da ke filin jirgin Sarki Abdul'aziz, ƙarƙashin fararen rumfunan nan masu kama da tantuna. An buɗe tashar a 1981, rumfunanta 210 ne, injiniyan da ya tsara yadda za su tsaya Fazlur Rahman Khan ne, haifaffen Dhaka, kuma ginin ya ci kyautar Aga Khan a 1983. Ranar da na kai gwaggona, tun kafin mu shiga ɗakin farko ta tsaya ta ɗaga kai ta ce, "Ɗan nan, ai ƙarƙashin irin waɗannan muka kwana ranar da muka sauka." Na ce, "Gwaggo, su ne dai, ɗaya gefen ne." Duk wanda ya zo daga Kano ko Yamai ta jirgin alhazai yana da rabo a wannan wuri kafin a rataye komai a cikinsa.

Na 2023 an sa masa suna Awwal Bait, fiye da mutum 600,000 suka shiga. Na 2025 ya gudana daga 25 ga Janairu zuwa 25 ga Mayu, kuma a cikinsa ne aka baje rigar Ka'aba sukutum, karo na farko da aka nuna ta gaba ɗaya a wajen Makka. Mu da muka saba ganinta daga ƙasa, cikin cunkoson ɗawafi, ba mu taɓa lura da cewa baƙin ƙyallen kansa rubutu ne a saƙe ba, baƙi a kan baƙi, sai haske ya bi ta gefe yake fitowa. Haruffan zinare kuma a cushe suke da zaren auduga daga ƙasa kafin a rufe su da zaren azurfa mai ruwan zinare, shi ya sa suke tasowa. Gidajen tarihi na ƙasashe da dama sun ba da aron kaya, har da ɗakin karatu na Batikan: taswirori, na'urorin auna taurari na tagulla, tsofaffin littattafan hannu.

Kada ka yi ƙoƙarin cinye shi rana ɗaya. Tunda kyauta ne, ka raba shi uku. Zuwan farko na tsofaffin kaya, kai kaɗai ko da aboki ɗaya, a tsakiyar mako. Na biyu na sababbin ayyuka da ke waje ƙarƙashin rumfuna, da iyali, bayan la'asar. Na uku ka koma wa abin da ya tsaya maka a rai. Akwai masallaci da wurin cin abinci, ba sai ka fita ba. Ka sa takalmi mai taushi, wurin yana da faɗi, kuma idan da tsoho a tare da kai ka nemi keken turawa tun a ƙofa.

A ɗakin Alƙur'anai nake so ka fi jimawa, domin nan ne tsofaffin gwanayenmu suke. Idan ana maganar manyan magabata a zane, tunanin mutane Turai yake tafiya, amma Ibn Muƙla, wanda ya rasu a Bagadaza a 940, shi ya auna haruffa da ɗigon alƙalami ya kafa musu ƙa'idar da ake bi har yau. Ibn al-Bawwab ya biyo baya ya tausasa su, Alƙur'anin da ya rubuta wajen shekara ta 1000 yana nan a Dublin. Sai Yaƙut al-Musta'simi, wanda ya rasu a 1298. Wanda ya yi makarantar allo yana da abin da mai digiri ba shi da shi a wannan ɗaki. Ka san yadda ake fere alƙalami, ka san yadda tawada take ƙarewa a tsakiyar harafi, ka ga zayyana ranar sauka. Ka duba shafin ƙasashen Magrib, irin su Maroko, ko na Afirka ta Yamma ka ga fa'un mai ɗigo a ƙasa da ƙafun mai ɗigo ɗaya a sama, irin na Warshu da muka tashi da shi. Ka nuna wa yaranka, su da suka yi karatu da bugun Madina ba su san shi ba.

A nan zan taɓa maganar da na san tana ran wasu, wato zanen abu mai rai. Ni ba malami ba ne, kowa ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Abin da zan iya faɗa shi ne, ko ka zaɓi kauce wa zanen mutum da dabba gaba ɗaya, rubutu da zayyana da gine-gine da saƙa za su cika maka shekara har su yi saura.

Idan shekarar Dir'iyya ce, tafiyar ta kai kilomita 950 a mota, ko awa ɗaya da rabi a jirgi. JAX tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya ne aka mayar wuraren nuni, kuma gidan fasahar zamani da aka buɗe a 2023 yana wurin. Ka haɗa da Turaif, tsohon gari mai ginin laka da ke kusa, da gidan tarihi na ƙasa a unguwar Murabba ta Riyad. Mai sauran ƙarfi ya hau jirgin ƙasa zuwa Dammam ya leƙa cibiyar al'adu ta Ithra a Zahran, wadda aka buɗe a 2018. Can aka nuna zanen Edvard Munch na Norway a 2019, can kuma aka fara nunin Hijira a 2022. Al'ula tana da nata bikin a cikin sanyi, da manyan ayyuka a tsakiyar duwatsu, amma masauki a can yana da tsada, ban sa ta cikin lissafin mai ƙaramin albashi ba.

Azumi

Komai yana komawa dare. Bayan tarawihi Balad takan cika, tsofaffin gidaje irin su Baitu Nasif suna buɗe, ƙananan shagunan masu zane suna nan a lunguna. Idan ka shiga Makka umara, ka ware awa biyu ka je Ummul Jud, inda ake nunin gine-ginen Harami biyu, kusa da masaƙar rigar Ka'aba. Akwai tsofaffin ƙofofi da ginshiƙai da bakin rijiyar Zamzam na dā, akwai kuma tsofaffin hotuna, waɗanda su ne za su shigar da kai kashi na gaba.

Hoton kyamara

Mutane suna wuce ɗakin hotuna da sauri saboda kowa yana da kyamara a aljihu, ana ganin ba wani abu ba ne. Ni kuwa a nan na fi daɗewa. Muhammad Sadiƙ Bey, hafsan sojan Masar, ya ɗauki Madina a 1861, ya ɗauki Makka a 1880, da faifan gilashi da kyamarar katako da ake ɗora wa raƙumi. Bayansa akwai wani likita ɗan Makka, Abdulgaffar, wanda ya yi aiki da Baturen Holan Snouck Hurgronje a tsakiyar shekarun 1880. An buga hotunansa a Holan a 1889 ba tare da sunansa ba, sai daga baya masu bincike suka gano sa hannunsa da aka goge a jikin wasu. Idan ka ci karo da waɗannan hotuna, ka nemi tantunan Mina da Arfa, ka tuna cewa a wannan zamani kakanninmu da ƙafa suke zuwa, ta Barno da Wadai da Darfur zuwa Sawakin, tafiyar shekaru.

Tambaya huɗu nake yi wa kowane hoto. A ina mai ɗauka ya tsaya, kuma wa ya ba shi izinin tsayawa a wurin? Ƙarfe nawa ne, wanda inuwa za ta gaya maka? Me ya yanke a gefe, hannun wa ne ya leƙo, rabin wace mota ce? Sannan wanda aka ɗauka ya san ana ɗaukarsa? Ka kuma lura allon gefe yakan ba da shekara biyu, ta ɗauka da ta wankewa. Hoton da mai shi ya wanke da hannunsa a lokacin daban yake da wanda aka buga da inji bayan shekara hamsin, ko da hoto ɗaya ne. Tsohon wanki yakan ja zuwa ruwan ƙasa, baƙinsa yana da zurfi.

Za ka ga ɗakin da duhu-duhu. Da gangan ne. Haske yana cin takarda, kuma abin da ya ci ba ya dawowa, shi ya sa ake rage fitila sosai, ake hana filasha, ake kuma sauke hotuna bayan 'yan watanni a mayar da su akwati. Saboda haka nunin hoto ba ya jiran kowa, idan ka ji an buɗe ka je a makon.

Cikin 'yan ƙasa ka riƙe sunan Ahmad Matir, likita ne da aka haifa a 1979 ya tashi a Asir. Ya shafe shekaru yana ɗaukar yadda Makka take canzawa, da ƙugiyoyin gini da ma'aikata a masaukinsu. Yana da wani ƙaramin aiki, baƙin maganaɗisu mai kusurwa huɗu da garin ƙarfe kewaye da shi, wanda aka nuna a gidan tarihin Birtaniya a nunin Hajji na 2012. Ka riƙe kuma Manal al-Duwayan, haifaffiyar Zahran, da hotunanta baƙi da fari na mata ma'aikata, ita ce ta wakilci Saudiyya a binalin Benis na Italiya a 2024. Daga gida kuma ka nemi Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako a waya. Kana ganinsu za ka tuna akwatin hotunan gidanku: labule mai fure a baya, rediyo a hannu, sabon agogo an juyo shi ga kyamara.

Akwatin nan ma ka ba shi wata rana a cikin shekarar. Ka zauna da tsofaffi su faɗi sunan kowa, ka rubuta a baya da fensir, ban da biro, tawadarsa tana ratsa takarda. Idan za ka sa a firam, ka ce a sa kwali tsakanin hoton da gilashi. Danshin Jidda yana manne hoto da gilashi, ranar da aka zo cirewa fuskar take biyo gilashin. Kada a yi masa leda mai zafi, kada a rataye shi inda rana take bugawa ko ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki.

Zafi: Abha, waya, da tsofaffin gwanayen Turai

Mai hutu a Yuli ko Agusta ya hau Abha, tana sama da mita 2,200, iska mai sanyi. A Rijal Alma za ka ga ƙaɗɗ, zanen bango da matan Asir suke yi a ɗakunan baƙi: farin bango, layuka, ƙananan dala-dala ja da kore da rawaya da baƙi. UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gargajiya na duniya a 2017. Wanda ya san adon bangon gidajen Zariya da Kano zai tsaya ya daɗe, ko da yake namu magina maza ne suke yi a waje, nasu mata ne suke yi a ciki.

Maƙwabtanmu da suka tsallako daga Sudan bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, cikinsu har da Hausawan Mai Wurno, su suka sa na koma wa aikin Ibrahim al-Salahi. An haife shi a Omdurman a 1930, ɗan malamin allo ne, kuma a zanensa haruffa suke rikiɗa su zama fuska da reshe. Ya yi nuni a Ibadan tun farkon shekarun 1960, a 2013 kuma gidan nunin Tate Modern na Landan ya yi masa babban nuni. Ka neme shi a waya a wannan lokaci na zaman ɗaki.

Saura magabatan Turai. Wuri na kusa da za ka tarar da su a rataye kullum shi ne gidan tarihin Louvre na Abu Dabi, wanda aka buɗe a Nuwambar 2017. Amma ka yi shiri tun daga gida. Gidan tarihin Rijksmuseum na Amsterdam ya sa hotunan kayansa kyauta a intanet, za ka iya zuƙo su har ka ga tsagar fenti. Ka ɗauki mutum biyu kawai. Rembrandt na Holan, wanda ya rayu daga 1606 zuwa 1669, yana fara aiki a kan shimfiɗar fenti mai duhu, ya bar haske ya shigo ta gefe ɗaya, ya tara fenti da kauri a goshi da hanci, inuwar kuma ya bar ta siririya har kana hango ƙasan. Vermeer, shi ma ɗan Holan, ya rayu daga 1632 zuwa 1675, aikinsa da ya rage bai wuce talatin da 'yan kai ba, kusan kullum ɗaki ne da taga a hagu da mutum ɗaya yana wani ƙaramin aiki.

Kana kallonsu ka nemi kayanmu a ciki, suna nan da yawa. Shuɗin da Vermeer yake ji da shi dutsen lazward ne da ake haƙowa a Badakshan ta Afganistan a niƙa. Dardumar da ke kan teburinsa daga ƙasashen Musulmi ta zo. Rembrandt da kansa ya zauna ya kwaikwayi ƙananan zanen fadar Mughal ta Indiya a shekarun 1650, sama da ashirin suna nan har yau. A tsofaffin zanen Italiya kuma za ka ga bakin riga da aka yi wa ado da abin da ya yi kama da rubutun Kufi, masu zanen suna ganinsa a yadin da ake kawowa daga gabas, suna kwafa ba tare da sun iya karantawa ba.

A Abu Dabi akwai ƙaramin zanen kan wani saurayi na Rembrandt, da aikin Giovanni Bellini na Benis, da zanen Usman Hamdi Bey na Turkiyya na 1878, wani matashi kwance a kan darduma yana karatu. An jera kayan ne bisa zamani, na Sin kusa da na Masar kusa da na Faransa, don haka ka bi ɗakunan a jere. Yaran da ba su kai shekara 18 ba ba sa biya. Ranar Litinin a rufe yake. Kafin ka sayi tikitin jirgi ka tabbatar iƙamarka, wato takardar izinin zama, tana da sauran kwanaki masu yawa, ka samu bizar fita da dawowa, sannan ka bincika sharaɗin bizar Daular Larabawa ga irin fasfonka da sana'ar da ke rubuce a iƙamarka, domin sharaɗin ba ɗaya ba ne ga kowa kuma yana canzawa.